Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A gidanmu na Bagadaza ba a kashe wutar murhu don an gama tuwo. Kakarmu Dada takan jawo kujerarta, ta jera ɗanyar masara a kan garwashi, mu kuma mu kewaye ta kamar kaji sun ga tsaba. Sai ta ce, "Baƙuwa ce a ƙofa. A buɗe mata ko ta juya?" Mu ce a buɗe. Yayana Hamma Usmanu, ɗan farin Inna, shi ke juya masarar, shi kuma ke cinye wadda ta fi gasuwa, wai ladan ƙona yatsa.

Dada ba ta tausayin yara a tatsuniya. Tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa da biki, kuma wadda ta fi hana ni sukuni ita ce ta matar bakin kwari.

Wai ɗanta na fari ya tafi kiwo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwari ya cika ya tafi da shi. Ta bi gaɓa tana kuka har aljanin ruwan ya gaji da ita, ya leƙo ya ce, "Yara da yawa ne a wurina. Kira naki da sunansa in sako miki shi." Ga mutanen gari sun taru, har da surukanta, kuma kowa ya san mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ta ce, "Kai, fito." Shiru. Ta ce, "Yaron nan." Aljani ya ce duk yaran nan ne. Tana tsaye bakinta na rawa har ruwan ya janye, ya tafi da yaron.

Na ce, "Dada, me ya sa ba ta faɗa ba?"

"Da wane bakin?"

"To ta kyauta ko ba ta kyauta ba?"

"Tatsuniya na ba ku, ba shari'a ba. Baƙuwa ta tafi, ku ma ku tashi."

Na tsani matar nan har cikin raina. Hamma kuwa dariya ya yi, ya juya wajen Inna da ke wanke tukunya ya ce, "Inna, da ni ne fa?" Ta jefe shi da totuwa ba ta ko ɗago kai ba.

Hamma ne ya koya mini kwamfuta bayan mun girma. Shekaru yana yi wa wani aiki, har muka kama ƙaramin shago a Nasarawo, mu riƙa buga takardu, da gyara, da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Komai ya tafi daidai sai sunan da za a sa wa shagon. Shi yana son wani dogon Turanci da shi kansa sai ya ciji harshe kafin ya kai ƙarshensa. Na ce masa tsofaffin da za su kawo takardun fansho ba za su iya faɗa ba. Muna cikin wannan gardamar, mai rubuta allo yana jiranmu, wata rana mota ta buge acaɓar da Hamma ya hau.

A asibiti yana kwance bai san wanda ke kansa ba. Wata nas, Allah ya saka mata, ta ce wa Inna, "Mama, ki kira sunansa, muryar uwa sukan ji." Kawunnanmu na tsaye a ɗakin. Na ga leɓen Inna ya motsa. Ta kama babban yatsan ƙafarsa ta ce, "Kai. Kai, mun zo." Kafin la'asar ya cika. Na yi fushi da ita, fushin da na kasa gaya wa kowa, na daina zama a ɗakinta.

Bayan arba'in na ce shagon sunan Hamma zai ci. Goggo, yayar babanmu, ta tare ni a zaure.

"Kana da hankali kuwa? Mai keke ba ya sanin layi, sunan shago ake gaya masa. In uwarka za ta zo wurinka me za ta ce? Ka kafa mata abin da ba ta iya faɗa a bakin titi, ta riƙa wucewa yana kallonta?"

Gaskiya ne, ban yi wannan tunanin ba. Na shiga wurin Inna, na tsuguna daga bakin ƙofa na gaya mata. Na ƙara da cewa in zai dame ta a bari, sunaye ba su ƙare ba. Ta daɗe tana tsince shinkafa a faifai.

"A rubuta," ta ce. "Da manyan baƙi."

"Inna, ai ba kya karatun boko."

"Masu yi za su karanta. Tun da aka kai shi kuka daina faɗin sunan a gidan nan, wai don kada in ji. Ni da ma a bakinku nake jin sa."

Na fita da sauri don kada ta ga fuskata.

Yanzu takan zo shagon in rana ta yi sanyi. A mahaɗar titi take sauka ta ƙaraso da ƙafa, ta zauna a bencin masu jira ba tare da wata takarda a hannunta ba. Ɗalibai na shiga suna fita, wani ya ɗaga waya ya ce, "Ina shagon Usmanu, zo ka same ni." Sai in ga ta daina jan carbi har ya gama magana.

A da ina ɗauka matar bakin kwari ta fi son mutuncinta a kan ɗanta. Yanzu ba na iya yanke mata hukunci, kamar yadda Dada ta ƙi yankewa. Abin da ke damuna shi ne mutanen da suka cika gaɓar nan. Dukansu sun san sunan yaron, suna ganin bakinta na rawa, kuma ba wanda ya ɗaga murya ya kira mata shi. Ni ma ina tsaye a ɗakin asibitin nan, kusa da kunnensa, na tsaya ina kallon bakin Inna.