Shaf Ɗin Injin Markaɗenmu

Ranar wata Asabar ce bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji uku, Baba ya ɗora ni a bayan kekensa muka nufi Ƙofar Wambai, ina rungume da wani ƙarfe mai nauyi a naɗe cikin tsohon zanen Gwaggo Dije. Shaf ake ce masa, sandar da ke juyawa a cikin injin lantarki. Ni da ko aike ba na son zuwa, ranar har kuka na yi sai an tafi da ni.

Gwaggo Dije yayar Baba ce. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta dawo gidanmu a Dukawuya da akwatinta da dutsen niƙanta. Da shi take niƙau. Tun da asuba matan unguwa ke aiko da wake da gero da kayan miya, zawarawa da tsofaffi kuwa da kansu suke zuwa, su baje a ƙofar ɗakinta ana hira har hantsi. Tana niƙa tana waƙa da Fillanci, gurzar dutsen na amsa mata. Ni ce mai tare ƙullu da wanke dutse, ina jiyo ƙawayena suna 'yar gala-gala a waje, raina na ɓaci. Takan ce, "Bintalo, kunnenki na waje, hannunki na ciki, wa zai aure ki haka?"

Baba ya daɗe da sayen tsohon injin markaɗe, wai don ya hutar da ita, amma shaf ɗin ya yi wa ramin faifan da bel ke hawa kauri. Injin ya yi watanni a bayan randa, kaji na kwana a kai, kowa ya manta. Ni ce ban manta ba. A makaranta na tsinci zancen cewa mahaifin wata 'yar ajinmu yana da injin fiƙe ƙarfe, na kawo wa Baba labarin da ɗuminsa, na kuma dinga tuna masa safe da yamma. Da zai ɗauki ƙarfen, Gwaggo ce ta miƙo zanenta. "Naɗe shi, Sule, kar ya ɓata wa yarinya riga."

Shagon mai fiƙe ƙarfen duk ƙaurin baƙin mai. Mutumin ya gwada shaf da faifan da wani ma'auni mai baki, ya dubi Baba ya ce, "Malam, ka tabbata? Abin da na cire fa ba ya komawa." Baba ya ce a cire. Ya ɗaure ƙarfen a injinsa, ya kunna, ya matso da wuƙar a hankali. Ƙarfe ya dinga zuba a nannaɗe kamar ɓawon lemo, shuɗi-shuɗi, da wani siririn fito da har yau in na rufe ido ina jin sa. Ya tsaya, ya gwada, ya ƙara shafta kaɗan, faifai ya shige ɗaf. Na tsinci nannaɗen guda na kawo wa Gwaggo tsaraba, ina ta zuba mata labari. Ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Ɗan wannan ne kawai ya hana?"

Injin ya tashi a zaure, yara suka yi layi da bokitai, ni kuma na samu wasana. Sai dai masu hira sun daina shigowa, don babu mai jin wani a cikin wannan ƙara. Aka kife dutsen a bakin rijiya, ya zama wurin zaman alwala. Gwaggo dai ta koma tana neman abin da za ta taya a madafa, ana ce mata ta huta. Waƙar kuwa ban sake jin ta ba. Kafin damina ta ce za ta je ganin dangi a ƙauye, ta tafi da akwatinta ta bar dutsen, can kuma ta cika.

Yanzu ina da ɗan injina na kan tebur, kafin ruwa ya tafasa na gama markaɗe, ni kaɗai a kicin, babu mai ce mini sannu. In ya yi shiru nakan kasa kunne, ko zan tuna yadda waƙar take farawa. Mai fiƙe ƙarfen nan ya tambaya ko an tabbata, kuma babu wanda ya tambayi Gwaggo.