Kobina Mai Inji da Gwanjon Ewuraba Mansa

Kobina Essilfie ɗan masunta ne, a Sekondi aka haife shi, amma tun yana ƙarami ƙarar inji ce ke gabansa, ba kifi ba. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji, ya kai shi wajen wani bakanike a tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Daga goge baƙin mai ya fara, har ya zama shi ke riƙe da injin Ewuraba Mansa, wani tsohon jirgi mai dakon siminti da katako zuwa Abijan da Lome. Da guminsa na cikin jirgin nan ya auri Araba mai ƙyafaffen kifi, ya kuma tayar da ɗakuna biyu a filin gado, saura rufi.

Mai jirgin, Mista Dadzie, akwai daɗin baki. Albashi ya fara zuwa rabi-rabi, daga baya ya ɗauke ɗif. In Kobina ya yi magana sai ya kira shi Egya, wato baba a yarensu, ya ce, "Egya Kobina, har da kai? Ai jirgin nan naka ne. Bari dai ku dawo daga Lome."

Ba su je Lomen ba. Wata safiya ma'aikacin kotu ya hau jirgin, ya manna takarda a ƙofar ɗakin tuƙi: an tsare jirgi, mai shi ya daɗe bai biya kuɗin zaman tasha ba. Aka ja su can gefe, inda ba mai giftawa sai 'yan kwalekwale. Tun daga ranar wayar Mista Dadzie ba ta ƙara shiga ba.

Lauyar ƙungiyar ma'aikatan ruwa, Madam Ackon, ta tara su ta ce, "Haƙƙinku yana wuyan jirgin nan, ko da mai shi ya shige ƙasa. Ran da kotu ta sayar da shi, a cikin kuɗin za a biya ku."

"Yaushe ke nan, Madam?" in ji Kobina.

"Ba zai daɗe ba. Ku dai kula da shi, kada ya lalace."

Kobina ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Kyaftin ne ya fara tafiya, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi daga shi sai Ato Bentum, kukun jirgi. Kullum sai ya sauka ɗakin inji ya zuƙe ruwan da ya taru, ya shafa mai, ya kankare tsatsa. Ato yakan leƙo daga sama ya ce, "Egya, a gaishe ka da jinya! Gawa ta motsa kuwa?"

"Je ka dafa iskar da ka saba dafawa."

Ita kuwa kotu, ɗage zama kamar sana'arta ce. Yau alƙali ya tafi hutu. Gobe wani banki ya ɓullo, wai ashe Dadzie ya jinginar masa da jirgin. Bayan nan sai ga lauyan Dadzie da kansa, fes cikin kwat, yana roƙon a ƙara wa mutuminsa lokaci. Abin da ya fi ƙona wa Kobina rai, duk wayewar gari kuɗin zaman tasha ƙaruwa yake, darajar jirgi kuma tana zubewa cikin ruwan gishiri.

Araba ce ke aiko musu da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi. Wata rana ta biyo kwalekwalen da ke kai abincin da kanta, ta tsaya daga ƙasa, ta ƙi hawa.

"Yayana ya samo maka aikin janareta a Tarkwa. Mako mai zuwa suke son mutum."

"In na tafi wa zai kula da inji? Mai saye, injin zai fara dubawa."

"Damina biyu ke nan ana yi wa ɗakunanka wanka ba rufi! To zauna. In ka ga dama ka kai wa jirgin kayan aure, mu huta."

Bai tafi ba. Wani ya samu aikin.

Gwanjon farko ba wanda ya taya kuɗin da kotu ta yanka, aka watse. A na biyu aka rage kuɗin. Kobina ya roƙi ɗan mai a wajen direban wani jirgi mai jan manyan jirage, ya sa wankakken kayan aikinsa, ya tayar da inji don masu saye su ji. Injin ya kama tas, har ƙasan jirgi na rawa. Mutum uku ne suka hau, ba wanda ya sauko wurinsa. Da ya haura ya tarar da ɗaya yana ƙwanƙwasa bangon jirgi da guduma.

"Oga, ba za ka ga inji ba? Ga shi yana aiki."

"Kashe abinka, Egya, kana cika mana kunne. Mu nauyin ƙarfe muke saye. Farfelar nan tagulla ce?"

Kobina ya juya. Ya koma ƙasa ya kashe.

Masu yanka tsohon ƙarfe ne suka saye, a kan kuɗin da ko Madam Ackon sai da ta yi tsaki. Aka cire ɗawainiyar kotu, aka cire na tasha, sannan aka zo kan ma'aikata. Abin da ya shigo hannun Kobina bai kai rabin haƙƙinsa ba, kuma daidai lissafinsa yake da na waɗanda suka gudu tun watan farko. Ya je ofishin Madam ya yi ta faɗa, ta bar shi ya gama, ta ce, "Egya, doka ba ta san ka shafa mai ba."

Yanzu yana bakin ruwan Sekondi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, yana gyara ƙananan injinan masunta. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida, sai dai ba ya raha kamar da. An ce an ga Mista Dadzie a Tema da sabon kamfani da sabon suna. Da Ato ya kawo masa labarin, Kobina ya ce masa in ba inji ya kawo gyara ba, ya matsa masa daga haske.