Ranar da Luba Ta Kai Aya

Malam Ɗalha tela ne a Koki, mutum mai hannun kyauta, sai dai ba ya bari a kai aya. Kana buɗe baki zai ce, "Na gane, na gane," ya ƙarasa maka zancen yadda ya ga dama. Sau da yawa ya ɗinka wa mutum jamfa alhali kaftani ya zo nema.

Shekara goma sha ɗaya suna tare da matarsa Luba, Allah bai ba su haihuwa ba. A daminar da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula, hankalinsa duk ya koma kan rediyo da gardamar zaɓe.

Wata safiya Luba ta fara, "Malam, kwana biyu jikina..."

"Zazzaɓin damina ne!" Ya fita ya sayo magani. Bayan sati ta sake gwadawa, ya ce ciwon shawara ne, ya kawo jiƙo.

Ran nan da hantsi ya shigo gida ɗaukar almakashi. Ta kashe rediyon, ta riƙe bakin rigarsa.

"Don Allah, yau ka bari in gama."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ta sunkuyar da kai.

"Na yi ɓatan wata, uku ke nan. Ungozoma ta duba ni."

Malam Ɗalha ya zauna a bakin ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Da ƙyar ya ce, "Sai ta ce me? Faɗa mini duka, a hankali."

Ranar bai koma shago ba. Bayan wata shida Luba ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Bahijja.