Rauta Biyu a Gidan Baba

Baba ya gina gidanmu na Ƙofar Marke zamanin soja, lokacin da kuɗin mai ke yawo, ya zuba siminti kamar mai gudun harsashi. Bangon nan ne ya hana waifai, wato intanet marar waya, ratsawa. Da ɓarin jikinsa ya shanye, muka sa kyamara a ɗakinsa can ƙuryar gida, don in riƙa ganinsa a wayata ina shagona na atamfa da ke gaban gidan, a bakin titi. Da ma akwai rauta, na'urar raba waifai, a shago; aka ƙara ta biyu a ciki, aka ja mata waya daga ta shago.

In ina cikin gida, ga Baba tar a wayata. Da na tako shago sai allo ya yi baƙi. Ni kuwa tun da likita ya ce a kiyaye kada ya sake faɗuwa, ko tire ya faɗi a maƙwabta sai in ruga ɗakinsa.

Mai gyaran da na kira ɗan kudancin Kaduna ne, mutum mai haƙuri. Yayana ya kafa doka kafin ya koma Wamakko: baƙon namiji iyakarsa zaure. Shi da ko cokalin magani bai taɓa ba Baba ba, amma wajen doka ba a barinsa a baya. Don haka mutumin ya zauna a zaure, inda waifan shago kaɗai ke kamawa, ni nake shiga in karanto masa lambobin jikin rauta in dawo.

Ya ce rautocin nan unguwa biyu suka zama, kowace da nata lambobin. Ta ciki ta san hanyar fita, ta shago kuwa ba ta ma san da kowa a bayanta ba. Dole a rubuta mata hanya: duk saƙon da ke neman unguwar ciki ta miƙa wa rauta ta biyu, ita ma a buɗe mata ƙofa.

A ranar, Inna ta tafi barka, ba kowa a wajen Baba. Leƙawata ta ƙarshe Baba na barci. Na zauna ina kallon mutumin yana danne-danne a kwamfutarsa, ya gwada, abu ya ƙi, ya sake. Zuciyata na cewa tashi ki duba Baba, ni ina cewa bari dai hoton ya zo. Har aka kira la'asar ina nan, tsoro ya cika ni.

"Hajiya, duba wayarki," in ji shi.

Hoton ya zo. Gado ba kowa, zanin gado ya zamo ƙasa, ga ƙafa ɗaya a gefen allo.

Ban san lokacin da na ratsa tsakar gida ba takalmi ba. Na tarar da Baba kwance a ƙasa kusa da buta. Ashe kiran salla ya ji, ya yunƙura zai yi alwala. Goshinsa ya fashe, amma idonsa biyu. Na tallafo kansa ina salati ina kuka. Ya daɗe yana haɗa maganar da rabin bakinsa.

"Ɗiyata, tun ɗazu ni ka kiranki. Ina kit tahi?"