Minti Biyun da Na Ba Inna

Shekarun baya, wata ranar Asabar a farkon damina, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, mu shida ne zaune a falon shugabanmu a GRA: shi shugaban, ni sakatare, ma'aji, wani lauya, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin jihar nan da kowa ke kira Sista, sai baƙuwa guda, dattijuwar da ke wakiltar matan ƙauyen Inkil. Inna muke ce mata. Zaman kwamitin amintattu ne na wata ƙaramar ƙungiya da ke tallafa wa matan da mazajensu suka rasu.

Na riƙe kwatan nan ne domin ni na jawo shi: ƙarfe goma sha ɗaya aka sa zaman, na makara. Tun ƙarfe bakwai ina Fadaman Mada tare da mai unguwa, muna bin magudanun ruwa da shara ta toshe. Ƙarfe biyu kuma ana jirana a gidan rediyo, za mu ɗauki shirinmu na al'adu. A lokacin ina jin daɗin a ce ba a ganina. Littafin da nake rubuta alƙawuran yini ma nakan bar shi a buɗe a kan tebur, ko wani zai leƙa.

Abu guda ne muhimmi a gabanmu: mu amince da sunayen waɗanda za a ba taki da iri a ranar, don mota na jira. Akwai kuma wata doka da ni na rubuta ta da hannuna, ina alfahari da ita: duk wadda ta yi fashin taron wata-wata sau uku a jere, a cire sunanta a sa ta bayanta. Da dokar na share sunaye uku. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Na dai ga gurbi uku babu dangwalen yatsa, na ja layi.

Kafin a amince, Inna ta ɗaga hannu. Shugaba ya ce bismillah. Ta gyara mayafi, ta fuskance shi.

"Alhaji, ina kwana? Ya iyali? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Inna."

Ta juya wajen ma'aji ta sake daga farko. Ta koma kan lauya, har da tambayar jikin mahaifiyarsa. Ni kuwa idona na kan agogo. Shekara da shekaru ina aikin rediyo, inda ake auna magana da daƙiƙa. Ban ankara ba sai na ga yatsana yana juyawa a iska, alamar da muke yi wa baƙo a ɗakin shiri idan muna so ya naɗe tabarma. Ba ta san alamar ba, sai na faɗa da baki.

"Inna, duk mun amsa. A taƙaice don Allah, minti biyu."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. Ta ce, "To ɗan nan, ai dama gaisuwa ce ta kawo ni." Ta koma ta zauna.

Ma'aji ya yi dariya ya ce, "Sakatare, ko labarun duniya ai ana farawa da sallama." Ni ma na yi dariya. Aka amince da sunaye, na sa hannu, na miƙa wa direba takarda. Abin da na rubuta a bayanin zama shi ne: wakiliyar Inkil ta gai da mahalarta.

Ƙarfe biyu saura biyar na kashe wayata, kamar yadda ƙa'idar ɗakin shiri ta tanada. Kusan awa uku muka yi muna tattauna zumunci da haƙƙin maƙwabtaka. Na yi magana mai daɗi, ba yabon kai ba. Na ce zumunta a ƙafa take. Na koka da yadda 'yan zamani ba su da haƙurin sauraren manya.

Da na kunna wayar, kiran Sista ne ya shigo. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Sakatare, tun yaushe nake nemanka! Ni na mai da Inna gida, a mota ta gaya mini. Matan nan uku da ka cire, ka san me ya hana su zuwa taro?"

Na ce doka ba ta tambayi dalili ba.

"Takaba suke yi! Ni da ke zuwa coci na san wata huɗu da kwana goma ne. Kai da ke koyar da al'ada a rediyo ba ka ƙirga ba?"

Na ƙirga a tsaye, a bakin mota. Ana rubuta sunan mace ne a makon da mijinta ya rasu. Taro uku na farko duk a cikin takabarta suke faɗawa, kuma a Inkil mai takaba ba ta zuwa taro. Ashe dokata ba ta kama kowa sai wadda hawayenta bai bushe ba. Sista ta ce an gama rabo tun la'asar, an ba na baya. Biyu cikin ukun suna da 'ya'ya manya, za su lallaɓa. Ta ukun ita ce damuwar Inna. Ƙanin mijinta ya ce idan ba ta da taki da iri, shi zai noma gonar marigayin bana, kada ta kwanta a banza. Inna ta zo ne ta roƙi a bar sunanta, ita za ta karɓar mata.

Washegari na sayi taki da iri a kasuwa, na isa Inkil ƙarfe tara da rabi. Inna ta tare ni a ƙofar gidan matar. Ta gaishe ni, ta tambayi iyalina, ta tambayi ruwa, ba ta rage ko ɗaya ba. Na amsa kaina a ƙasa. Sannan ta nuna mini gabas da haɓarta. Shanun huɗa ne guda biyu a cikin gona, sun riga sun ci rabinta.

"Tun asuba ƙanin mijin ya shiga," in ji ta. "Jiya yana wajen rabon. Ya ji ba a kira sunanta ba."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ɗan nan, maganar gidan mutane ce. Ba a ɗora ta a kan mutum sai an san ya zauna. Kai kuwa a tsaye na gan ka, ko da kake kan kujera."

Ban ga matar ba, kuma bai dace in gan ta ba. A zaure na tsaya. Ta aiko mini da ruwa a kwanon sha, da saƙon cewa ta gode, Allah ya saka da alheri. Da ta aiko da zagi, da ya fi mini sauƙin haɗiya.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa yawan aiki ne ya jawo. Ba haka ba ne. Tsawon gaisuwar Inna duka bai wuce minti huɗu ba. Na sha auna ta daga baya, don halin bai sake ni ba. Ina da minti huɗu a ranar. Na ga dai ba ta cancance su ba ne, domin ba ta cikin jerin abubuwan da na rubuta. Har yau idan aka gabatar da ni a taro a matsayin masanin al'ada, kwanon shan nan nake tunawa.

A zama na gaba aka gyara dokar: ba a ƙirga wa mai takaba fashi. Sista ce ta kawo shawarar, ni na rubuta. Gonar kuwa sai bayan damina biyu ta dawo hannun matar, da sa bakin mai unguwar Inkil.