Ɗalibar da Ke Cire Takalmi

Ban san sunanta ba, ban kuma tambaya ba. Ɗaliba ce a ɗakin gwajin kunne, siririya kamar ba ta cin abinci, farar rigar aikin ta yi mata yawa har ta nannaɗe hannun. Ogarta na gefe tana danna waya. Ni ina zaune da ɗana a cinya, yaron da ko tukunya ta faɗi ba ya waigowa.

Ta cire takalmi kafin ta zagaya bayanmu, wai kar ya ji takunta. Safarta ta huje a babban yatsa. Ina jin irin masu damun ƙannensu da gwaji a gida ce. Ko likita ta so zama ba ta samu ba, ko dama kunnen take so, oho.

"Maman yaro, kar ki motsa," in ji ta. "Uwaye akwai satar amsa."

"Na yi miki kama da ɓarauniya?"

Ta ɗan yi dariya, ta kaɗa ƙararrawa ta dama. Yarona na wasa da yatsunsa. Ta kaɗa ta hagu, sai na ɗan girgiza cinya, ya waigo.

Ta gani sarai. Ba ta faɗa wa ogarta ba, ta ce kawai, "Mu sake, 'yar'uwa."

Na daskare. Ta kaɗa, ta ƙara da ƙarfi har ogar ta ɗago kai. Shi yana nan yana tsotsar yatsa.

Ni dai hujin safarta nake kallo lokacin da ta dawo gabanmu. Ta ajiye ƙararrawar a kan tebur da hannu biyu, a hankali, kamar kar ta tashi wani daga barci.