Rijiyar Gwaggo a Rediyo

Duk shekarun da na yi ina binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa, babu mai karanta abin da muke rubutawa sai mu ya mu. Mu ɗebi ruwan rijiya a kwalba, mu manna mata lamba, mu auna, mu rubuta rahoto da Turancin da mu kanmu yake sa mu hamma. Da abin ya ishe ni sai na ajiye aikin, na koma gidan rediyo ina gabatar da shirin kimiyya da Hausa.

Shirina na farko a kan rijiyoyin cikin birni ne, yadda gidaje suka matsu har masai ya zo dab da rijiya. Shugaban sashenmu ya ce, "Malama, mutane ba sa jin lamba. Ba su rijiyar da za su gani da idonsu."

Sai na ba su ta Gwaggo, yayar babana da ke unguwar Kusfa. Na taɓa auna ruwanta na tarar ya gurɓace, sakamakon ya shige rahoto, ban taɓa zama na gaya mata ba. A shirin ban kama suna ba, wai ni mai dabara. Na dai ce rijiya ce a gindin gwaiba, gidan wata dattijuwa, duk lungun na ɗiba kyauta. To wa zai kasa ganewa?

Mijinta ne ya haƙa rijiyar kafin ya rasu, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Matan da ke shigowa ɗiban ruwa su ne abokan hirarta, su ke taya ta tsintar shinkafa.

Da na je gaishe ta bayan an watsa shirin, na tarar da tsakar gidan tsit, guga a rataye ya bushe ƙamas. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Mun ji ki," in ji Gwaggo. "Muryarki ta fita tar."

Ta shiga ɗaki ta kawo mini ruwan leda a faranti, kamar wata baƙuwa. Na riƙe shi na kasa sha.

"'Yar nan," ta ce, "tunda suna jin maganarki, in kin koma ki gaya musu ko ba za su ɗiba ba, su riƙa leƙowa."